Wa Zai Yi wa Mai Mulki Shari'a? Tarihin Kotunan Duniya Daga Unguwar New Bell

Duk wanda ya zauna a Duwala ya san New Bell. Ita ce unguwar baƙi tun zamanin kakanni, inda Bahaushe mai fatauci da Bamileke da Basa da sauran kabilu suka sami wurin kafa bukka, a nan kuma babban kurkukun garin yake. Daga nan ne 'ya'ya da jikoki suka bazu har hayin kogin Wuri, zuwa Bonaberi da Sodiko. Amma ba kowa ne ya san cewa unguwar ta samo asali daga ƙwacen ƙasa ba, da kuma wata shari'a wadda mai ƙara shi ne alƙali. Wanda yake so ya gane dalilin da ya sa al'ummai suka kafa kotunan hukunta manyan laifuka, da inda al'amarin ya nufa, ba sai ya fara daga ƙasar Turai ba. Labarin yana nan a ƙofar gida.

Shari'ar 1914

A watan Yuli na 1884 sarakunan Duwala, wato Bell da Akwa, suka sa hannu a takardar yarjejeniya da Jamusawa. Takardar ta ba Jamus mulki, amma ta bar wa mutanen gari gonakinsu da filayen gidajensu, su da zuriyarsu. Bayan shekara 26, a 1910, gwamnatin Jamus ta shirya tā da mutanen Duwala daga bakin kogi, ta mai da su can cikin fadama, a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakaninsu da unguwar Turawa. Wurin da aka keɓe wa gidan Bell shi aka kira Sabuwar Bell, wato New Bell.

Sarkin Bell na lokacin shi ne Rudolf Duala Manga Bell. Ya yi karatu a Jamus, ya iya harshensu, ya kuma san dokokinsu. Saboda haka bai ɗauki makami ba. Ya rubuta koke zuwa majalisar dokokin Jamus a Balin, ya tuna musu da alkawarin 1884. Aka tuɓe shi daga sarauta a 1913. Ya aiki magatakardansa, Ngoso Din, a ɓoye zuwa Jamus domin ya nemi lauyoyi da 'yan majalisa, aka kama shi a can aka komo da shi. Sa'an nan aka tuhume su biyu da cin amanar Sarkin Jamus. Ran 7 ga Agusta, 1914, kwanaki kaɗan bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Farko, aka yi musu shari'a cikin gaggawa. Shugabannin mishan na Katolika da na Basel da na Baftis suka roƙi Gwamna Ebermaier ya bar su da rai, ya ƙi. Kashegari, ran 8 ga wata, aka rataye su.

Mai karatu da ya san labarin gonar inabin Nabot zai ga kama. Mai mulki ya yi sha'awar fili, mai fili ya ƙi, aka samo tuhuma, aka kashe shi bisa ga tsarin shari'a. A zamanin Ahab an sami annabi da ya tare sarki ya faɗa masa laifinsa. A Duwala ta 1914 babu wata kotu a duniya duka wadda take bisa Gwamna ko bisa Sarkin Jamus, inda iyalin Manga Bell za su kai ƙara. Ka'idar wancan zamani ita ce kowace ƙasa mai mulki ba ta da alƙali sai kanta. Tarihin da zai biyo baya, tarihin ƙoƙarin rushe wannan ka'ida ne.

Daga Bersai zuwa Nurembag

Jamus ta rasa Duwala a watan Satumba na 1914, ta kuma sha kashi a yaƙin a 1918. Cikin yarjejeniyar sulhu ta Bersai ta 1919, waɗanda suka ci nasara suka rubuta cewa za a gurfanar da Sarkin Jamus, Wilhelm na Biyu, gaban kotu ta musamman. Wannan sabon abu ne ƙwarai. Amma sarkin ya riga ya gudu zuwa Holan, Holan kuwa ta ƙi miƙa shi, ya zauna can har ya mutu a 1941. Wasu 'yan sojoji kaɗan aka yi wa shari'a a birnin Laifzig a 1921, a gaban alƙalan Jamus, hukuncin kuma bai taka kara ya karya ba.

Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka buɗe sansanonin da 'yan Nazi suka hallaka Yahudawa wajen miliyan 6, duniya ta ga ba za a iya yin shiru ba. Amurka da Ingila da Faransa da Tarayyar Sobiyet suka kafa kotu a Nurembag. Ta zauna daga Nuwamba 1945 zuwa Oktoba 1946, ta yi wa manyan 'yan Nazi 22 shari'a, ta yanke wa 12 hukuncin kisa, ta sallami 3. Aka yi irinta a Tokiyo domin shugabannin Japan. Daga Nurembag aka sami ka'idodi biyu waɗanda har yau su ne harsashin ginin. Na ɗaya, mutane ne suke aikata laifi, saboda haka mutum ba zai ɓuya a bayan sunan gwamnati ko girman kujerarsa ba. Na biyu, wanda ya yi kisan gilla ba zai kuɓuta da cewa umarni aka ba shi ba. A watan Disamba na 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi, wadda wani lauya Bayahude ɗan Folan, Raphael Lemkin, ya yi shekaru yana fafutuka a kanta. A 1949 aka ƙara yarjejeniyoyin Janiba guda huɗu a kan kare fursunonin yaƙi da masu rauni da farar hula.

Duk da haka kotun Nurembag tana da aibi wanda kowa ya gani. Masu nasara ne suka yi wa waɗanda aka ci shari'a. Ba wanda ya tambayi alƙalan abin da sojojinsu suka yi.

Shekarun shiru

Mutanen Kamaru sun ɗanɗana wannan aibi da bakinsu. Bayan yaƙin, ƙasar tana hannun Faransa da Ingila a matsayin amana ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ruben Um Nyobe, magatakardan jam'iyyar UPC, ya tafi Niyok a 1952 ya yi magana a gaban Majalisar a kan 'yancin kai da haɗewar ƙasar. Aka saurare shi, amma Majalisar ba ta da kotun da za ta kira wani gwamna. A watan Mayu na 1955 tarzoma ta tashi a Duwala, New Bell ce tsakiyarta, sojoji suka yi harbi, jini ya zuba. A watan Yuli aka haramta jam'iyyar. Yaƙi ya koma dajin ƙasar Basa da tuddan Bamileke, aka ƙone ƙauyuka, aka tara mutane a sansanoni. Aka harbe Um Nyobe a daji ran 13 ga Satumba, 1958. Aka sa wa Felix Moumie guba a Janiba a 1960, a garin nan da aka rubuta dokokin yaƙi.

Faransa ta zauna a kujerar alƙali a Nurembag shekara goma kafin wannan. Amma ba wani hafsa ko gwamna da ya tsaya a gaban kotun duniya saboda abin da aka yi a Kamaru. Sai a 2025, bayan wani kwamitin masana tarihi na ƙasashen biyu ya ba da rahotonsa, shugaban Faransa Emmanuel Macron ya amsa a rubuce cewa yaƙi ƙasarsa ta yi a Kamaru. A lokacin kuwa masu laifin da yawancin shaidun sun riga sun kwanta dama. Haka al'amarin ya kasance a ko'ina cikin shekarun gābā tsakanin Amurka da Sobiyet. Kowane azzalumi yana da uban gida a ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu, maganar kotun duniya kuma ta kwanta har shekara arba'in da wani abu.

Baƙin Ruwanda

Abin da ya tashe ta shi ne yaƙin Yugoslabiya, wanda aka kafa wa kotu a 1993, da kuma kisan Ruwanda. Daga Afrilu zuwa Yuli na 1994, cikin kwana wajen 100, aka kashe mutane kimanin 800,000, yawancinsu 'yan Tutsi, da adduna da kulake, maƙwabci yana sāran maƙwabci. A watan Nuwamba na shekarar Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kafa kotu, aka zaunar da ita a Arusha ta ƙasar Tanzaniya.

Da gwamnatin masu kisan ta fāɗi, manyanta suka watse, waɗansu kuwa suka zo Kamaru suka zauna kamar sauran baƙi. A watan Maris na 1996 hukumomin Kamaru suka kama wasu daga cikinsu. Akwai Kanar Theoneste Bagosora, babban jami'i a ma'aikatar tsaro, da Kanar Anatole Nsengiyumva, da tsohon minista Andre Ntagerura, da Ferdinand Nahimana, malamin tarihi a jami'a wanda yake cikin waɗanda suka kafa gidan rediyon RTLM. A watan Janairu na 1997 aka sa su huɗu a jirgi zuwa Arusha. Wannan shi ne babban hannun da Kamaru ta sa a tarihin shari'ar duniya, ko da yake mutane kaɗan ne suke tunawa da shi.

Ƙarshen waɗannan mutum huɗu ya isa ya nuna ƙarfin irin wannan kotu da kuma rauninta. An yanke wa Bagosora ɗaurin rai da rai a 2008, aka rage zuwa shekara 35 bayan ɗaukaka ƙara, ya mutu yana fursuna a Mali a 2021. Nahimana bai riƙe adda ba, amma aka same shi da laifi saboda abin da rediyon ya watsa, gama rediyon ya riƙa kiran 'yan Tutsi kyankyasai, yana faɗar sunaye da wuraren da mutane suka ɓuya. Kotun ta tabbatar cewa harshe ma makami ne. Ntagerura kuwa aka wanke shi a 2004, amma babu ƙasar da ta yarda ta karɓe shi, ya yi shekaru a wani gida a Arusha. A watan Disamba na 2021 aka kai shi Nijar tare da wasu bakwai, har da Nsengiyumva wanda ya gama wa'adinsa. Kafin wata ya cika gwamnatin Nijar ta ce su fita, ba su kuwa da inda za su, suka zauna tsare a wani gida a Yamai. A can Nsengiyumva ya mutu a 2024. Kotun da za ta iya wanke mutum amma ba za ta iya ba shi wurin kwana ba, aikinta bai cika ba.

Akwai abin da masu bi ba za su tsallake ba a wannan labari. Ruwanda ƙasa ce ta Kirista masu yawa, an kuma kashe dubbai a cikin majami'un da suka gudu neman mafaka. A Nyange aka rushe ginin coci da katafila a kan mutane fiye da 1,500. Kotun Arusha ta sami limamin wurin, Athanase Seromba, da laifi, a 2008 kuma aka mai da hukuncinsa ɗaurin rai da rai. Ta kuma ɗaure wani fasto, Elizaphan Ntakirutimana, shekara 10. Rigar hidima ba ta kāre su ba, bai kuwa kamata ta kāre su ba. Kotun ta tuhumi mutum 93, ta hukunta fiye da 60, har da firayim ministan lokacin kisan, Jean Kambanda, wanda ya amsa laifinsa. A shari'ar Akayesu ta 1998 ta kafa cewa fyaɗe yana iya zama hanyar kisan ƙare dangi. Amma ba ta gurfanar da ko mutum ɗaya daga sojojin da suka ci yaƙin ba, ko da yake an zarge su da kashe-kashen ramuwa. Aibin Nurembag ya sāke fitowa.

A wannan zamani ne kuma Charles Taylor na Laberiya ya gane cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Najeriya ta ba shi mafaka a Kalaba a 2003. A watan Maris na 2006 ya sulale, aka kama shi a Gamboru Ngala yana ƙoƙarin ƙetarawa zuwa Kamaru. Kotun musamman ta Saliyo ta yanke masa shekara 50 a 2012.

Kotun dindindin

Da aka ga ba zai yiwu a riƙa kafa sabuwar kotu bayan kowane bala'i ba, ƙasashe suka taru a Roma. Ran 17 ga Yuli, 1998, ƙasashe 120 suka amince da kafa Kotun Duniya ta Manyan Laifuka, 7 suka ƙi, 21 suka yi shiru. Senegal ce ta fara tabbatar da yarjejeniyar. Kotun ta fara aiki ran 1 ga Yuli, 2002, a birnin Heg na ƙasar Holan, wato ƙasar nan da ta ɓoye Sarkin Jamus.

Ya kamata a san yadda take aiki, gama mutane da yawa suna sa mata rai da abin da ba ta da iko a kai. Tana duba kisan ƙare dangi, da laifukan cin zarafin bil'adama, da laifukan yaƙi, da laifin kai wa wata ƙasa hari. Ba ta duba abin da ya faru kafin Yuli 2002. Ba ta shiga sai in kotunan ƙasa sun kāsa ko sun ƙi. Ba ta yanke hukuncin kisa. Ba ta da 'yan sanda, sai ƙasashe sun kama mata mutum. Ikonta kuma yana kan ƙasashen da suka shiga ne, sai fa in Kwamitin Sulhu ya miƙa mata magana. Ga shi kuwa Amurka da Rasha da Sin, waɗanda suke da ikon hawa kujerar naƙi a Kwamitin, ba su shiga ba. Najeriya ta shiga a 2001, Nijar a 2002. Kamaru ta sa hannu a 1998 amma ba ta tabbatar ba, saboda haka mutumin Duwala ba shi da hanya kai tsaye zuwa Heg.

Kotun ta yi abin a zo a gani a wasu wurare. Ta ɗaure Thomas Lubanga na Kwango shekara 14 a 2012 saboda sa yara aikin soja. Ta ɗaure Ahmad al-Mahdi shekara 9 a 2016 saboda rushe hubbaren waliyyai a Tumbutu. A maƙwabciyar Kamaru, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, 'yan Seleka sun yi ta'asa a 2013, 'yan anti-balaka kuma suka rama a kan Musulmi farar hula, har dubban Fulani da Hausawa da sauransu suka tsere zuwa Garwa Bulai da wasu garuruwan gabashin Kamaru a 2014. A watan Yuli na 2025 kotun ta sami shugabannin anti-balaka biyu, Alfred Yekatom da Patrice Ngaissona, da laifi. Wanda ya kashe maƙwabcinsa yana cewa kāre jama'arsa yake yi, shari'a ba ta karɓi wannan hujja ba.

Amma ta sha kunya a wasu wurare. Ta ba da sammacin kama Umar al-Bashir na Sudan a 2009, ya ci gaba da yawo, har ya zo Abuja a 2013 ya koma. An janye tuhumar Uhuru Kenyatta a 2014 bayan shaidu sun janye. An wanke Laurent Gbagbo a 2019 bayan ya yi shekara bakwai a tsare. Domin shekarunta na farko duka 'yan Afirka ne a gabanta, shugabanni da yawa suka ce kotun Turawa ce ta farautar baƙar fata. A cikin maganar akwai gaskiya, akwai kuma wayo. Gaskiyar ita ce manyan ƙasashe sun tsare kansu. Wayon kuwa shi ne Yuganda da Kwango da Afirka ta Tsakiya da Mali su da kansu suka kira kotun, waɗanda aka kashe kuma 'yan Afirka ne. Daga baya kotun ta miƙa hannu waje, ta ba da sammacin Vladimir Putin a 2023, da na Benjamin Netanyahu a 2024, aka kuma kawo mata Rodrigo Duterte na Filifin a 2025. Sakamakon haka Amurka ta sa wa alƙalanta takunkumi a 2025. Burundi ta fita tun 2017, a watan Satumba na 2025 kuma Mali da Burkina Faso da Nijar suka sanar za su fita.

Darasin Cadi

Shari'ar da ta fi koya wa talaka abu ba a Heg aka yi ta ba. Hissene Habre ya mulki Cadi daga 1982 zuwa 1990. 'Yan sandan asirinsa, DDS, suna da kurkuku a Njamena wanda a dā wurin ninƙaya ne na Turawa, aka rufe shi da kankare aka yanka shi ɗakuna. Da Idriss Deby ya kore shi a watan Disamba na 1990, ya ƙetare zuwa Kamaru, daga nan ya wuce Dakar ya zauna cikin daula. Kwamitin bincike na Cadi ya ƙiyasta a 1992 cewa an kashe mutum 40,000.

Cikin waɗanda suka fito da rai akwai Souleymane Guengueng, akawu ne, mai bi, wanda aka kama a 1988. Yana kurkuku ya yi wa Allah alkawari cewa in ya fita zai nemi adalci. Da ya fita ya bi tsofaffin fursunoni da gwauraye gida gida, yana rubuta suna da rana da abin da aka yi wa kowa, har ya tara takardu fiye da 700, ya ɓoye su. Da waɗannan takardu aka kai ƙara Dakar a shekarar 2000. Kotunan Senegal suka ce ba su da hurumi. A 2001 aka jefi lauyarsu, Jacqueline Moudeina, da gurneti a Njamena, ta ji rauni, ba ta fasa ba. A shekarar nan kuma aka tarar da takardun DDS zube a ƙasa a tsohon ofishinsu, ɗauke da sunayen mutum 1,208 da suka mutu a hannunsu. Ƙarar ta zagaya Beljiyam, ta je Tarayyar Afirka, ta je kotun da take sasanta ƙasashe, wadda ta umarci Senegal a 2012 ta yi shari'ar ko ta miƙa shi. Aka kafa kotu ta musamman a Dakar, da alƙalan Afirka, shugabanta ɗan Burkina Faso. Mata suka tsaya a gaban Habre suka faɗi abin da aka yi musu. Ran 30 ga Mayu, 2016, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, sai dai a daɗe ba a je ba. Shekara 25 aka yi a hanya. Kotun ta ce a biya diyyar sefa biliyan 82, amma har Habre ya mutu a 2021 kuɗin bai isa hannun mutanen ba.

Abin lura shi ne babu wata babbar ƙasa da ta fara wannan aiki. Akawu ne da littafin rubutu.

A gida

Duwala ma tana da irin waɗannan marubuta. A shekarar 2000 gwamnati ta kafa wata runduna ta musamman domin yaƙi da 'yan fashi a garin, ba da daɗewa ba iyaye suka fara neman 'ya'yansu. Kadinal Christian Tumi ya ɗaga murya a fili. Ƙungiyar Kirista masu yaƙi da azabtarwa, ACAT, ta riƙa tattara sunaye. A watan Janairu na 2001 aka kwashe samari tara daga unguwar Bepanda bisa zargin satar tukunyar gas, ba a ƙara ganinsu ba. Jama'a suka yi ta zanga-zanga har aka rushe rundunar, aka kai wasu hafsoshi kotun soja. A 2002 aka sallami yawancinsu, iyayen kuwa ba a nuna musu ko kabari ba. Shari'ar ba ta gamsar ba, amma da ba a rubuta sunayen ba, da ko kotun ba a je ba.

A 2018 wani hoton bidiyo ya bazu a wayoyin hannu, yana nuna sojoji suna harbe mata biyu da 'ya'yansu ƙanana a bakin hanya. Da fari hukuma ta ce ƙarya ne. Masu bincike suka gwada siffar duwatsun da suke cikin hoton da taswira, suka gane kusa da Zelevet ne a Arewa Mai Nisa, inda ake yaƙi da Boko Haram. A 2020 kotun soja ta ɗaure sojoji huɗu shekara 10 kowanne. A hayin iyaka kuma, mai gabatar da ƙara ta Heg, Fatou Bensouda, ta sanar a Disamba 2020 cewa akwai dalilin gaskata cewa Boko Haram da jami'an tsaron Najeriya duka sun aikata laifukan da suka shiga hurumin kotun.

Ina aka nufa?

Kotun Heg tana cikin mawuyacin hali, masu ƙarfi suna matsa mata, wasu ƙasashe suna fita. Tarayyar Afirka ta amince a Malabo a 2014 a kafa sashen manyan laifuka a kotun nahiyar, amma takardar ta keɓe shugabanni masu ci daga tuhuma, shekara goma bayan haka kuma ba ta fara aiki ba. Duk da haka ka'idar Nurembag ta riga ta fita daga gida ɗaya ta shiga gidaje da yawa. A Bangi akwai kotu ta musamman mai alƙalan gida da na waje, wadda ta yanke hukuncinta na fari a 2022. Suwizalan ta ɗaure tsohon ministan Gambiya, Ousman Sonko, shekara 20 a 2024, a kan laifin da ya yi a ƙasarsa. Kotun Gini ta ɗaure tsohon shugaba Moussa Dadis Camara shekara 20 a 2024 saboda kisan filin wasa na 2009, ko da yake an yi masa afuwa a 2025. Alamu suna nuna cewa shari'o'in gaba za su fi yawa a irin waɗannan kotuna na kusa, Heg kuwa ta zama mafaka ta ƙarshe.

Ko'ina aka yi shari'ar, abin da take ci ɗaya ne, wato shaida. Dokar Musa ba ta yarda a hukunta mutum da bakin shaida ɗaya ba, kotunan yau ma haka suke, sun sallami manya da yawa domin shaidu sun tsorata ko sun mutu. A nan ne jama'ar unguwa suke da aiki. Ikkilisiya ta saba da riƙe littattafai, na baftisma da na aure da na jana'iza. Hannun da ya iya wannan zai iya rubuta sunan wanda aka ɗauka da dare, da ranar, da wurin, da wanda ya gani, ya kuma ajiye a inda ruwa da gara ba za su ci ba. Sai a rubuta abin da ido ya gani kaɗai, ban da jita-jita, gama shaidar zur ce ta kashe Nabot. A rubuta na Musulmi kamar yadda za a rubuta na Kirista, a rubuta ko da mai laifin ɗan gida ne. Gafara kuwa ba ta hana faɗar gaskiya. Wanda ya yafe wa mai kisan ɗansa ya sauke kaya daga zuciyarsa, amma hakkin sauran 'ya'yan unguwa yana nan, shi ne kada a bar mai kisan ya ƙara.

Koke-koken da Manga Bell ya aika Balin ba su cece shi ba, amma an ajiye su, masana kuma suka karanta. A 2022 birnin Ulm, inda ya yi makaranta, da birnin Balin suka sa wa dandali sunansa, shekara 108 bayan rataye shi. Mutanen Cadi sun jira shekara 25, sun kuwa ga hukuncin da idonsu. Iyayen Bepanda suna da sunaye tara a rubuce, da ranar da aka tafi da su.